In Tafi Ko In Zauna? Kiran Intabiyu Zuwa Aikin da Zuciya Ba Ta So

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:6-15; Nehemiya 6:1-4

Akwai amsar addu'a da take zuwa da kamannin da ba mu roƙa ba. Mutum ya shekara biyu yana neman aiki. Ya yi azumi, ya kwana a addu'ar dare, ikkilisiya ta ɗaga sunansa gaban Ubangiji. Ranar da saƙo ya shigo wayarsa sai ya ga kiran intabiyu ne, amma aikin ba abin da ya karanta ba ne, albashin bai taka kara ya karya ba, garin kuma yana can wata uwa duniya. A ce matashi ne a Kaduna mai digiri a lissafin kuɗi, aka kira shi Legas ranar Talata da ƙarfe 9 na safe, don gurbin mai kula da sito a wani kamfani. Ya tafi ne, ko ya zauna?

Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce, ba ta kai a kawo ta cikin littafin ibada ba. Amma wanda saƙon yake hannunsa ya san nauyinta. Kuɗin motar ƙila bashi zai ci. In ya ƙi zuwa, uwarsa za ta tambaye shi dalili. In ya je, za a tambaye shi ko a shirye yake ya ƙaura, dole kuma ya buɗe baki ya ba da amsa. Bangaskiyarsa da gaskiyar bakinsa da hakkin iyalinsa duk suna cikin wannan shawara.

Zuwa daban, karɓa daban

Abu na farko da yake rikita mu shi ne muna haɗa tambaya biyu mu mai da su ɗaya. Ta farko: in je a gana da ni? Ta biyu: in karɓi aikin? Da yawa suna amsa ta biyun tun suna zaune a ɗaki, ba su ga wurin ba, ba su ji ta bakin masu aikin ba, ba a ma ce an ɗauke su ba. Intabiyu ganawa ce ta ɓangare biyu. Masu kamfani suna auna ka, kai ma kana auna su. Sun kira mutum goma alhali ɗaya za su ɗauka, ba wanda ya ce sun yi yaudara. Haka kai ma, in ka je da zuciyar da ba ta riga ta yanke ba, ba ka cuci kowa ba.

A Yahaya sura 1, da Filibus ya gaya wa Nata'ala cewa sun sami wanda annabawa suka yi faɗinsa, kuma daga Nazarat yake, sunan garin kaɗai ya isa ya kashe wa Nata'ala jiki. Nazarat ƙaramin ƙauye ne a Galili wanda ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Filibus bai tsaya gardama da shi ba, ya gayyace shi ya taho ya gane wa idonsa. Nata'ala bai bar raininsa a gida ba, da shi ya taho. Abin da ya cece shi shi ne bai bar rainin ya hana ƙafarsa tafiya ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yawancin abin da muke ƙi game da wani gari ko wani aiki, ji muka yi.

Maganar "ba ni da salama"

Mu da muka gaskata cewa Ruhu Mai Tsarki yana magana da 'ya'yan Allah har yau, muna da wata magana da ta zauna mana a baki: "Na yi addu'a, ba ni da salama a kai." Gaskiya ne Ruhu yakan hana, yakan kuma sa nauyi a zuciya. Amma ba kowace damuwa ce muryar Ruhu ba, ba kuma kowane kwanciyar hankali ne yardar Allah ba.

Dubi Yunusa. Allah ya aike shi Nineba, babban birnin Assuriya, wanda kufansa yake kusa da Mosul a ƙasar Iraƙi ta yau. Wuri ne mai nisa, mutanen kuma abokan gāban al'ummarsa ne. Yunusa ya gangara Yafa, ya biya kuɗin jirgi zuwa Tarshish. Sa'ad da hadiri ya taso, matuƙa suna ta kuka suna zubar da kaya cikin teku, ina annabin yake? Yana can ƙasan jirgi yana sharar barci. Da a ce barci mai daɗi shi ne shaidar nufin Allah, da Yunusa ne ya fi kowa biyayya a cikin jirgin nan. A ɗaya gefen, dubi Ubangijinmu a Getsamani. Yana tsakiyar nufin Uba, amma ransa yana cikin matsanancin baƙin ciki. Saboda haka yadda kake ji a ƙirjinka shaida ce da za a saurara, amma ba ita ce alƙali ba.

Idan aiki bai kwanta maka ba, zauna ka tambayi ƙin nan naka sunansa. Wani lokaci sunansa girman kai. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya kusa komawa gida da kuturtarsa don Elisha ya ce ya yi wanka a Urdun, shi kuwa yana ganin kogunan Dimashƙu sun fi. Bayinsa ne suka dawo da shi hanya (2 Sarakuna 5). Mai digiri da yake jin kunyar a ce masa sito-kifa yana tsaye ne a bakin wannan kogin. Bulus, wanda ya yi karatu a gaban Gamaliyal, ya zauna ya ɗinka tanti tare da Akila da matarsa a Koranti, bai kuwa ragu da komai ba. Girman kai rawanin tsiya ne.

Wani lokaci sunansa tsoro: ban san kowa a can ba, ban iya harshensu ba, ban taɓa nisa da gida ba. Tsoro ba zunubi ba ne, amma bai cancanci a sa masa rigar annabci ba. Tun 1973 shirin bautar ƙasa yake kai matasanmu jihohin da ba su taɓa takawa ba. Da yawa sun tafi da hawaye, wasu kuma a can Allah ya ba su abinci da abokin zama.

Wani lokaci kuma sunansa lamiri. Aikin zai sa ka riƙa rubuta alƙaluman ƙarya, ko ka yaudari masu saye, ko ka sayar da abin da kake gani yana rushe gidajen mutane. In haka ne, ba sai ka yi azumin kwana uku ba. Allah ya riga ya yi magana cikin Kalmarsa, ba zai sāke ta saboda kai ba.

Aikinka shi ne ka rarrabe waɗannan uku. Girman kai a tuba daga gare shi. Tsoro a kai shi gaban Ubangiji a nemi ƙarfi. Lamiri a yi masa biyayya.

Allah yakan bi da wanda ya tashi

Karatunmu na farko ya nuna mana yadda jagorancin Ruhu ya zo wa Bulus da abokan tafiyarsa. Sun ratsa ƙasar Firijiya da Galatiya, Ruhu ya hana su wa'azi a Asiya. Suka kai kan iyakar Misiya, suka yi ƙoƙarin shiga Bitiniya, nan ma aka hana su. Suka gangara Taruwasa a bakin teku. A can ne da dare Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙon taimako. Ka lura da kyau: wahayin bai same su a Antakiya kafin su tashi ba. Sau biyu suka nufi ƙofa aka rufe ta, ba kuwa inda aka tsauta musu don sun gwada. A kan hanya aka bi da su.

Wasu a cikinmu suna jiran mafarki ko maganar annabci kafin su motsa, har ranar intabiyu ta zo ta wuce, sai su ce Allah bai nufa ba. Ɗan'uwa, ba Allah ne ya rufe wannan ƙofar ba, agogo ne. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. In ka je aka ƙi ɗaukarka, ka sami amsa a sarari. In ka je ka ga abin da ba za ka iya zama da shi ba, wannan ma amsa ce. Wanda ya zauna kuwa, abin da ya rage masa shi ne "da na sani".

Ka kuma lura da abin da ya biyo bayan wahayin. A Filibi, Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ta ba da gaskiya a bakin kogi. A Filibin nan kuma aka yi wa Bulus da Sila dūka aka jefa su kurkuku. Ƙofar da Allah ya buɗe da kansa ke nan. Ashe daɗi ba shi ne hatimin nufin Allah ba, wahala kuma ba ita ce alamar an ɓata hanya ba.

Lissafi ba rashin bangaskiya ba ne

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka cewa kowane kira daga nesa Makidoniya ce. Yesu da kansa ya koyar cewa mai niyyar gina hasumiya yakan fara zama ya ƙididdige kuɗin, don kada ya sa harsashi ya kāsa gamawa (Luka 14:28-30). Mai bi yana da izini, har ma wajibi ne a kansa, ya ɗauki biro da takarda.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama abin da talaka yake yin shawara a kansa. Daga Kaduna zuwa Legas ta Abuja da Lokoja da Okene da Ibadan tafiyar yini guda ce cur ko kwanan hanya, ga kuɗin dawowa, ga abinci, ga wurin kwana. Sa'an nan ka duba albashin da idon wanda zai zauna a can. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000. Albashin da ya ninka wannan yana iya riƙe mutumin da yake zaune a gidan iyayensa, amma ya kāsa riƙe wanda zai biya hayar shekara guda gaba ɗaya, da kuɗin dillali, da kuɗin motar zuwa aiki kullum a garin da ba shi da kowa. Adadin da aka rubuta a takarda ba shi ne albashinka ba. Abin da ya rage a hannunka a ƙarshen wata, shi ne.

Akwai kuma abin da ba a lissafa shi da naira. Lutu ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun da ruwa da ciyawa, ya zaɓa. Lissafin dabbobinsa ya fita daidai. Abin da bai sa a ma'auni ba shi ne Saduma da abin da za ta yi wa gidansa (Farawa 13 da 19). Kai mai aure, wa zai zauna da matarka da yara? Sau nawa a shekara za ka iya dawowa? Ke 'yar'uwa mai kula da tsohuwar uwa, wa zai karɓe ki? Akwai taron masu bi a inda za ka, kuma aikin zai bar ka ka je sujada? Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya mūsa bangaskiya (1 Timoti 5:8). Wannan aya kaifi biyu gare ta. Tana tsauta wa wanda ya zauna yana zaɓen aiki alhali yaransa ba su ci ba. Tana kuma tsauta wa wanda ya bi kuɗi ya bar gida ba makiyayi. Don haka mai aure ba ya yanke wannan shawara shi kaɗai. Zauna da matarka, ki zauna da mijinki, ku nemi dattijo mai tsoron Allah wanda ya san garin. Karin Magana 15:22 ta nuna mana cewa shiri yakan rushe in ba shawara.

Yawancin wannan lissafi ana iya yinsa kafin a sayi tikiti. Ba rashin kunya ba ne ka kira su cikin ladabi ka tambayi kimanin albashin, ko akwai wurin kwana, ko suna mayar da kuɗin mota, ko za a iya yin ganawar farko ta waya ko ta bidiyo. Kamfanin da ya fusata don ka yi waɗannan tambayoyi ya riga ya nuna maka irin zaman da za ku yi.

Lokacin da zama shi ne biyayya

Karatunmu na biyu ya nuna ɗaya fuskar. Sanballat da Geshem sun aika wa Nehemiya ya zo su gana a filin Ono. Sau huɗu suka aika, sau huɗu ya ƙi. Dalilinsa biyu ne: yana kan babban aikin gina garun Urushalima wanda ba zai bari ya tsaya ba, ya kuma gane cewa mugunta suke shirya masa. Ba kowace gayyata ce ƙofa ba, wata rami ce da aka rufe da tabarma.

Wannan ba tsohon labari ba ne. A 2021 a jihar Akwa Ibom, wata budurwa da ta gama jami'a tana neman aiki ta amsa kiran wani da ya ce zai yi mata intabiyu. Ba ta dawo ba, gawarta aka samu. Ƙasa duka ta girgiza. Saboda haka bincike wajibi ne. Duba ko kamfanin yana da rajista a hukumar CAC. Nemi wani ɗan'uwa a garin ya je ya ga ofishin da idonsa. Wanda ya ce ka turo kuɗi kafin a gana da kai, ko ya kira ki ɗakin otal ko gidan da ba kowa, ba ma'aikaci yake nema ba. Ka bar wa iyalinka adireshi da lambar wanda ya kira ka. Ubangiji da ya ce mu zama marasa ɓarna kamar kurciya, shi ne ya ce mu yi wayo kamar maciji (Matiyu 10:16).

Haka kuma, in kana da garun da kake ginawa, wato sana'a da ta fara tsayawa da ƙafarta, ko karatu da ya kusa ƙarewa, ko mara lafiya da ba shi da kowa sai kai, kana iya ƙin zuwa da lamiri mai tsabta. Sai dai ka tabbata garun na gaske ne. Nehemiya yana da duwatsu da ma'aikata da za a iya nunawa. Wanda garunsa kwanciya ce da latsa waya, kada ya ari bakin Nehemiya.

Tambaya ɗaya da za ta raba gardama

Bayan addu'a da lissafi da shawara, ga tambayar da za ka yi wa kanka a gaban Allah: akwai wata amsa da mutanen nan za su ba ni, wadda za ta sa in karɓi aikin? In akwai, ko da ƙarama ce, misali in sun ba da ɗaki, ko in akwai hanyar ƙarin girma, ko in za a iya mayar da ni reshensu na kusa bayan shekara, to tashi ka tafi, muddin hanyar ta tabbata kuma kuɗin motar ba zai hana gidanka cin abinci ba. Rashin sha'awa kaɗai bai isa dalilin zama ba.

In kuwa ka bincika zuciyarka ka ga babu, ko me suka faɗa ba za ka karɓa ba, to kada ka je. Wani zai ce, "Bari in je don in saba da amsa tambayoyi, ai ba wanda zai cutu." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin gwaji yana koya wa mutum abin da karatu bai koya masa ba. Amma ka tuna da abu biyu. Kujerar da ka zauna a kai, ƙila an cire sunan wani ne aka sa naka, wani wanda wannan aikin shi ne abin da yake kuka a kai gaban Allah. Na biyu, za su dube ka su tambaye ka ko za ka iya ƙaura. Me za ka ce? In ka ce i, ka yi ƙarya. Ubangiji ya umarce mu cewa i ɗinmu ya zama i, a'a kuma ya zama a'a (Matiyu 5:37). Ƙwarewar da aka saya da ƙarya ta yi tsada. In gwaji kake so, akwai 'yan'uwa a cikin ikkilisiya da suka daɗe suna ɗaukar ma'aikata, roƙi ɗayansu ya zauna da kai ya yi maka tambayoyin.

Wanda kuma ya yanke ba zai je ba, akwai sauran hakki a kansa. Kada ka yi shiru, kada ka ce kana zuwa sa'an nan ka kashe waya. A misalin 'ya'ya biyu, ɗan da ya amsa wa mahaifinsa da ladabi amma bai je gonar ba, shi ne wanda bai yi nufin uban ba (Matiyu 21:28-31). Alkawari kaya ne. Rubuta musu da wuri, ka gode, ka ce ba za ka samu zuwa ba, domin su kira wani. Layi uku sun isa. Ƙila mutumin da zai karanta saƙon bai taɓa shiga majami'a ba, amma zai ga sunanka, ya ga yadda mai bin Almasihu yake ƙin abu ba tare da ya wulakanta kowa ba.

Ko ka tafi ko ka zauna, kada ka ɗauka cewa rayuwarka duka tana rataye a kan wannan rana guda. Allahn da ya komo da Yunusa kan hanya, ya kuma kai Bulus Taruwasa ta ƙofofi biyu rufaffu, ba zai ɓace maka don ka hau mota ko don ba ka hau ba. Abin da yake nema a wurinka shi ne zuciyar da za ta iya cewa "na yarda" in ya aike ta inda ba ta so, da bakin da ba ya faɗin abin da ba ya nufi.

Mu yi addu'a

Ya Uba, kai ne ka san hanyar da ke gabanmu tun ba mu taka ta ba. Muna kawo maka kowane ɗan'uwa da 'yar'uwa da suke riƙe da kiran aiki, zuciyarsu kuma ta rabu biyu. Ka tone mana girman kai inda ya ɓuya, ka cire mana tsoro, ka ƙarfafa lamirinmu. Ka ba mu hikimar yin lissafi da tawali'un neman shawara. Ka tsare masu tafiya daga hatsari da mugayen mutane, ka tona kowane tarko da aka ɗana wa masu neman abinci. Ka kiyaye bakinmu daga ƙarya a gaban masu ɗaukar aiki. Ƙofar da ba taka ba ka rufe ta, wadda ka buɗe kuma ka ba mu ƙarfin shiga, ko da ba ita muka zaɓa ba. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.